Ranar da Na Yi Gadin Gizo-gizon Nagaveni

Ni Siddappa, na tuƙa bas a garin Mysuru na Indiya har na yi furfura ban taɓa tsoron kowa ba, amma gizo-gizo kam ba ma shiri. Sai ga 'yata Nagaveni ta ƙare karatu kaf a kansu. Tana koyarwa a jami'a, kuma ba za a tabbatar mata da aikin ba sai ta kammala bincikenta a kan wani gungun gizo-gizo da ke ƙayar bayan gidanmu. Kowace uwa a cikinsu Nagaveni ta ɗiga mata fenti a baya don shaida, kullum tana duba abin da suke yi da 'ya'yan. In ta yi fashin rana ɗaya, binciken ya lalace, sai baɗi.

Sai ranar bikin Ayudha Puja ta zo, ranar da muke jere kayan sana'a gaban abin bauta, ba mai taɓa aiki sai gobe. Uwarta Girija ta riga ta ɗauke madubin da Nagaveni ke duba gizo-gizon da shi, ta shafa masa kurkum, ta lulluɓe shi da furanni.

"Amma, minti kaɗan fa," in ji Nagaveni, don "Amma" take kiran uwarta, ni kuma "Appa".

Girija ta ce, "Ko boko bai kai ki ga karya al'ada ba. Zauna!"

Yarinyar nan ba ta iya saɓa wa uwarta. Ta zauna, ido ya ciko. Raina ya ɓaci, tausayi ya kama ni.

Na ce, "Ke aka hana. Ni sana'ata tuƙi ce."

Na maƙala tabarau na tsuguna gaban ƙaya. Da na ga abin da ke faruwa, na dawo da gudu.

"Nagu, na shiga uku! Ƙananan sun taru suna cinye uwarsu mai shuɗin fenti! Saura kaɗan in sa tsinke in cece ta."

Ta miƙe zumbur. "Appa, ka taɓa?"

"Ina na ga ƙarfin hali?"

Ta rungume ni tana dariya da hawaye. "Abin da nake jira ke nan! Aikina ya tsira. Uwar da kanta take kwanciya su cinye ta, don su rayu."

Daga kicin Girija ta ce, "Af! Sai da kika yi digiri uku kika gano wannan? Zo ki ci wainar dosa kafin ta huce."

Nagaveni ta shiga, ta tarar uwar ta juye mata har da nata rabon.