Askar Gidan Sallau

Ana gobe sunan ɗan Alhaji Maikuɗi, labari ya iske Arzika wanzami a kasuwar Wara: Alhaji ya aika jirgin ruwa Yelwa a ɗauko wani wanzamin da zai yi wa jaririn aski.

Tun kafin ruwan Kainji ya ci tsohon gari, gidan su Arzika ke yi wa gidan su Alhaji aski da kaciya. In babban dillalin kifi irin Maikuɗi ya juya musu baya, kowa zai bi. Arzika ya rataya zabirarsa, ya nufi rumfar banda inda Alhaji ke zaune da mutanensa.

"Alhaji, mi na yi?"

"Ba ka yi komi ba, ɗan Sarkin Aska. Amma kakanka da karkarwa ya mutu, ga tsohonka ko ludayi ba shi iya riƙewa. Abin gado ne. Ni ba ni ba da kan ɗana a gwada."

"Hannuna kake gani shina rawa?"

"Yau dai a'a."

Mutane suka yi dariya. Wani ya ce ai gara a nemo mahauci, shi ko ya yanka da niyya ya yi.

Shekara biyu ke nan da Arzika ya kai mahaifinsa Sallau asibitin Yelwa. Likitan da aka turo daga Sakkwato ya ce sunan ciwon Fakinsin. Arzika ya tambaye shi ko ana gadonsa. Likita ya ce akwai 'yan gidajen da yake bi, amma yawancin masu shi ba su gada ba, 'ya'yansu kuma ba sa kamuwa, ba kuma wanda zai iya yi masa rantsuwa ko ta wane ɓangare. Arzika ya maimaita wannan magana a rumfar.

"To ka ji," in ji Alhaji. "Likitan ma bai rantse ba."

Arzika ya juya ya fita.

Ba a jima ba sai ga shi riƙe da kafaɗar mahaifinsa. Sallau na jan ƙafa da 'yan gajerun taku, hannunsa na dama na kaɗawa, haɓarsa ma na rawa. Rabonsa da kasuwa tun ran da ya ajiye aska. Masu jirgi suka baro bakin ruwa suka zo kallo.

Arzika ya shimfiɗa tabarma a gaban Alhaji, ya zaunar da tsohon, ya wasa aska a fata.

"Baba, za ni gyara maka fuska."

"Ka yanke ni, in tsine maka," Sallau ya ce da 'yar muryarsa. "Ba don jini ba, don kunya."

Arzika ya shafa masa sabulu. Ya ɗora yatsa biyu a muƙamuƙin da ke rawa, ya saurara har ya gane bugunsa, sannan ya bi shi da aska. In haɓar ta yi ƙasa, askar ta bi ta, in ta taso, askar ta ɗaga. Ya gyara saje, ya sauka maƙogwaro, ya koma ka ya aske shi tas. Ya ɗauki farin ƙyalle ya goge kan da wuyan, ya miƙa wa Alhaji.

Alhaji ya juya ƙyallen gaba da baya. Babu ɗigon ja.

"To in karkarwar ta zo maka baɗi fa?"

Sallau ne ya amsa. "Maikuɗi, ni na yi maka kaciya. Shekara arba'in ina riƙe da aska. Ran da na ji yatsana ya motsa, wa ya ce in ajiye? Kai ne?"

"A'a, Baba."

"Wa na taɓa yanka a garin ga?"



Arzika ya ce, "Ko ta zo ko ba ta zo ba, wannan na Allah ne. Ran da ta zo, da kaina za ni rataye zabira. Amma ba ni ajiye ta yau don ciwon da ban da shi." Ya nuna tabarma da askar. "Zauna, Alhaji. Kan uba a fara gwadawa, kahin na ɗa."

Idanun kasuwa duka na kan Maikuɗi. Ya cire hularsa a hankali, ya sauko ya zauna. Sanyin ƙarfen na taɓa ƙeyarsa, kafaɗunsa suka hau ɓari.

"Alhaji, tsaya wuri ɗaya mana," in ji Arzika. "Ko ku ma gadon gidanku ne?"

Dariya ta ɓarke har bakin ruwa. Alhaji bai yi ba, bai kuma motsa ba sai da aka gama. Ya shafa kansa, ya duba tafinsa, ya mayar da hula.

"Wanzamin Yelwa shi ci tuwon suna shi koma," ya ce. "Kai kuma ka zo da wuri."