Gyaɗar Kaka Nagode

Shekarar da katafilolin kamfani suka baje gonakinmu saboda aikin dam ɗin Bakolori, an hana kowa shuka. Aka ce sai an daidaita ƙasa, an gina hanyar ruwa ta siminti wadda ake kira kanal. Damina ta zo ta wuce muna kallonta. Fura ma sai an tsinka ta da ruwa sosai kafin ta zagaya gida.

Mu 'yan gidajen Kirista ne kaɗan a gefen Damri. Majami'armu ɗaki ɗaya ne na jinka, kuma ni aka ba koyar da yara ranar Lahadi, don na ɗan taɓa makaranta.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu, Kaka Nagode. Rumbunta yana bakin gona, ya tafi tare da gonar. Abin da ta tsira da shi ƙwarya ɗaya ce ta irin gyaɗa, ja, ƙanana, wadda ta gada wurin uwarta. Ba a samun irinta a kasuwar Bakura ko ta Mafara. Wata Lahadi ta shigo mana tsakiyar darasi, ta dire ƙwaryar da tarin tsummoki. Bayan mun gaisa ta ce:

"Marka ɗiyata, ƙulla gyaɗar ga ki raba ma yara. Su riƙa min har ruwa shi zo."

"Kaka, yara ne fa. Ga yunwa."

"Iri ba a aje shi wuri guda, haka munka taras. Wani rumbu, wani tulu, wani gidan maƙwabci. Yanzu rumbu babu, ɗakina ɓeraye sun hi ni iko. Manya kuwa na san su, ranar kasuwa za ta kira su. Ba kamun kai na ji kina koya musu ba? To ga shi nan."

Na ƙuƙƙulla gyaɗar a tsummokin, na raba wa yara. Na ce musu abin da ke hannunsu ba abinci ba ne, gona ce, kuma bege shi ne mutum ya riƙe gonar da bai gani ba tukuna. Muka yi addu'a, kowa ya ɗaura ƙullinsa a ƙugu.

Bappa Hamidu mahauci, maƙwabcinmu, ya gan su suna fitowa. Ya sauke tirensa don dariya.

"Nagode, kin ba kura ajiyar nama! In kin ga ko ɓawo, zo in ba ki tsoka kyauta."

"Aje min mai kitse," in ji ta.

Rani ya yi nisa, kanal yana nan busasshe, awaki na kwana a ciki. Tun makon farko na lura ƙullin Ayuba, ƙaraminsu, ya rame. Kowace Lahadi ina so in ce su kwance in gani, sai in fasa. In gyaɗar nan ta ƙare, irinta ya ƙare a duniya ke nan, kuma da hannuna na raba ta.

Wata rana cikin bazara, rana tsaka, muka ji ihu daga gabas. Gari duka ya ruga bakin kanal. Sama fes, ko ɗigon girgije babu. Da farko ba mu ga komai ba sai awaki suna tsalle suna fita. Sannan ga shi nan tafe, siriri kamar harshen maciji, yana tura busassun ganye da kashin awaki a gabansa. Simintin yana huci inda ya taɓa. Kafin mu gama mamaki ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, yana tafiya shiru kamar wanda aka aika. Ƙanshin damina ya tashi a watan da ko tsuntsu ke buɗe baki don zafi. Bappa Hamidu yana ta kabbara, mai bisharar majami'armu ya durƙusa cikin ƙura. Kaka Nagode ta sunkuya ta ɗebo da tafin hannu, ta kurɓa.

"Na gulbi na," ta ce a hankali. "An koya mishi hanya."

Da aka mayar mata da gonarta, ƙasar ta sha ruwa, ta shimfiɗa zane a bakin kunya ta kira yara. Lantana, babbarsu, ta fara kwance wani shuɗin tsumma, na kuwa tuna Ayuba na ba wa shi. Na duba sauran. Babu wanda ke riƙe da wanda na ba shi.

"Lantana, mi ya faru?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaya Marka, Ayuba ya ci nashi kaɗan, ya zo yana kuka. Mu ma saura ƙiris. In a ƙugunka yake, ciki na ce maka ɗauki ɗaya, ai naka na. Sai munka yi musaya. Wa zai ci na ɗan'uwa, a kwance a ga shi ya rage mishi?"

"Ai duka na Kaka ne."

"Mun sani. Ciki ne bai sani ba."

Ayuba ya miƙo wanda ya riƙe, na Lantana. Ƙullin da na yi da hannuna ko sassautawa ba a yi ba, tsumman ya yi baƙi da gumi. Aka zazzage su ɗaya bayan ɗaya, jar gyaɗa ta taru a kan zanen. Ban koya musu wannan ba. Na tsaya ina kallonsu kamar yadda na kalli ruwan lokacin da ya bayyana.

Kaka Nagode ta ja kunnen Ayuba. "Maigidana, kai ka ci min sadaki? To yau kai ka binne, da diddigenka."

Ta riƙa sara da fartanya, Lantana na jefa ƙwaya, Ayuba na bi yana takewa, har inuwa ta juya. Irin ya ishi gonar, kunyar ƙarshe kawai ta tsaya a rabi. Tsohuwar ta zauna a wurin, ƙafafunta cikin laka, ta ce kada kowa ya kira ta cin tuwo tukuna.