Ragar da Na Sa wa Hawainiyar Solofo

Mijina Solofo ya rasu ana tsakar girbin shinkafa. Shi ke zagayawa da baƙi cikin dajin Andasibe, kuma abin da ya bar mini a tsakar gida shi ne hawainiya ɗaya a keji. Ban yi kuka a wajen jana'iza ba, dangi suka yi ta kallona. Ni dai ban ji komai ba. Kullum da safe nakan tashi ne don akwai mai jiran fara da ruwa, in ba don ita ba da ban sauko daga gado ba.

Kejin na wayar kaji ne, har ya fara yanka mata yatsu. Na kira yayan mijina, Zoky Ndrema, kafinta mai surutu kamar rediyo.

"Ki bar wayar nan, Vola, za ta cire mata farce," in ji shi. "Gilashi kuma, in ta ga kanta a ciki sai ta wuni tana faɗa da kanta, kamar matata. Kwanon rufi kuma zafinsa zai dafa ta. Katako mai fenti guba ne."

Ya haɗa mini sabo da gora, ya ce in nemo raga mai laushi, ya shanye ruwan ƙanzon shinkafarsa ya tafi.

Raga mai laushi akwai ta a ɗaki, sabon gidan sauron da aka raba mana bara, wanda Solofo ya ƙi ratayawa wai yana hana shi numfashi. Na yanka shi, na ɗinke a jikin gorar, ɗinki mai kyau kuwa.

Hawainiya ba ta shan ruwa a mazubi, sai dai ta lashi ɗigo. Na riƙa yayyafa ruwa a ragar, tana lasa. Farar da na zuba mata ta riƙa faɗuwa tana shure-shure, na ce to, ta samu sauƙin kamu.

A rana ta huɗu hawainiyar ta yi baƙi ƙirin. Ta biyar na tarar da ita a ƙasan kejin, ƙafafu a dunƙule.

Zoky Ndrema ya zo da hantsi. Ya murza ragar da yatsa, ya dube ni.

"Ƙanwata, wannan ai mai magani ce. Wadda ke kashe sauro."

"Ana wanke ta da ruwa kullum," na ce.

"Ruwan ta sha."

Ya jira in yi kuka, ban yi ba. Ya ce zai kamo mini wata a bayan gonarsa, ga su nan birjik. Na ce ya bar su inda suke, wannan ce ta san hannun Solofo.

Ya tone rami a gindin ayaba ya rufe ta. Yana kakkaɓe hannu ya tambaya ko ya kwance kejin. Na ce yadda ya gani.

"Zoky," na ce, "gobe da safe me zan tashi in yi?"

Ya sunkuya ya fara warware ɗinkin.