Ƙarƙashin Zanen Inna Kulu

Wari ne ya fara tarbata tun daga bakin ƙofa. Daga Dawakin Kudu na zo duba mahaifiyarmu, Inna Kulu, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ko magana ba ta iya yi.

Yarinyar da na tarar tana yi mata fifita ban san ta ba. Saliha sunanta, ita ce ta huɗu tun tafiyar Sa'adiya. Sa'adiya kuwa shekara biyu ta yi tana jinyar Inna. Da ta nemi ƙarin albashi, yayana Sammani ya ce ai zaman inuwa kawai take yi. Ta tattara ta koma turara shinkafa a Kura. Duk wadda ya ɗauko bayanta, da tsinkar tumatir ta kama sai ta gudu gona, inda ladan ya fi tsoka. Ni dai ban ga laifinsu ba.

Na ce, "Saliha, kina goge mata jiki kuwa?"

"Kullum, Yaya. Ta ƙarƙashin zane nake zura hannu. Sa'ar kakata ce fa, ina ni ina kallon tsiraicinta?"

Na mirgina Inna, na ɗaga zanen. Innalillahi! Gyambo ne a ƙugunta, faɗin tafin hannu, ya yi baƙi, har ana hango ƙashi. Na kurma ihu.

Ihuna ne ya kawo Sammani. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum, don ɗan fari ne, daga nan yake gaida Inna kai a sunkuye.

"Shigo ka gani da idonka, Yaya!"

Ya shiga, ya gani, ya dafe bango yana salati.

Ni na aika aka kira Sa'adiya. Ta zo a guje, tana warin hayaƙi. Ta duba ciwon, hawaye ya zubo mata.

"Wa ke juya ta?"

"Juyawa kuma?" in ji Saliha. "Wallahi ba wanda ya faɗa mini."

"Duk kiran salla nake juya ta, in shafa mata man kaɗanya."

Sammani ya ce, "Sa'adiya, ki dawo don Allah. Ko nawa kike so zan biya."

Ta gyara wa Inna zane a hankali.

"Yanzu kam ta fi ƙarfina, Alhaji. Nemo mota a kai ta asibiti."