Igiyar Bijimin Ahijo

Ƙanena Abdulwasi'u dillalin shanu ne, kuma duk Malanbil da abu biyu aka san shi: tumbi da damtse. Ni Ruƙayyatu, da na goye shi tun shina zubar da majina, awara nike soyawa bakin kasuwar shanu ta Gene. Duk abin da zan hwaɗa muku gaban kaskona ya auku.

A kasuwarmu, makiyayi in ya iso, dillalinshi yake miƙa ma igiya. Dillalin da kanshi zai riƙe bijimi, ya murɗa mishi kai, ya buɗe baki mai saye ya ga haƙora. Wanda ya riƙe igiya shi ke da ciniki. To Ahijo, wani dattijon makiyayi na dajin Gene, tun Abdu shina saurayi hannunshi kaɗai yake sa igiyarshi, kuma inda Ahijo ya miƙa, can sauran makiyayan ke miƙawa. Gidan ƙanena kaf, igiyar nan ke ciyar da shi.

Bara tansiyo, wato hawan jini, ta kada shi, aka kai shi asibitin Kandi. Matarshi Rahina tana tsaye lokotoro, wato likita, ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce tumbin nan sai ya sauka, a bar nama da kitse. Amma ya ja kunne: in mutum ya bar nama ya zauna da yunwa, ba kitse kaɗai ke tahiya ba, har tsokar jiki tana bi. Don haka ya ci wake, ya ci awara, ya ci ƙuli-ƙuli, kuma ya riƙa ɗaga abu mai nauyi kullum.

Barin nama bai ba shi wuya ba, tsoron mutuwa ya yi wannan aikin. Sauran ne masihwa. Rahina ta dahwa wake, ya kalli kwanon ya ce, "Ni Alhaji guda? Baƙo ya shigo ya iske ni da wake, ya tahi ya ce mi?"

Na aiko mishi da awara mai zahi. Aka maido mini ita, wai abincin yaran lakwal ne, 'yan makaranta. Kai jama'a! Awarar da na soya na sayar na ɗinka mishi wandon sallar hwarko. Raina ya ɓaci, na yi rantsuwa ba ni ƙara aikawa.

Batun ɗaga nauyi kuwa, Rahina ta ce to ya riƙa kama mata buhun shinkahwa zuwa ɗaki. Ya ce shi ba ɗan dako ba ne, kada maƙwabta su leƙo ta katanga su ce arziki ya ƙare.

To mi zai ci? Salak. Ya ga manyan duwan, ma'aikatan kwastan, suna cin shi da cokali mai yatsu, sai ya yanke cewa wannan ne ganyen da ya dace da mutuncinshi. Sahe salak da shayi, rana salak da tumatir, dare shayi. Mutum ƙato ya koma cin abin da zomo zai raina.

Tumbi kam ya sauka, ba musu. Duk sati sai ya hau sikelin masu albasa, ya sauko shina washe baki, 'yan kasuwa na ce mishi, "Alhaji, ka koma saurayi!" Da ya ba da baya su ce, "Allah ya ba shi lahiya." Ni da na san jikin nan, na ga abin da babbar riga ke ɓoyewa. Agogonshi ya hwara zamewa har gwiwar hannu.

Na tare shi na ce, "Abdu, damtsenka na zubewa."

Ya ce, "Yaya, ke dai soya awararki. Ƙarhi a ƙashi yake."

Damina ta wuce, makiyaya suka dawo daga mashayar nesa. Ranar kasuwa sai ga Ahijo da wani jan bijimi mai tozo, ƙaho kamar hannun kujera. Ya daɗe bai ga Abdu ba. Ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya miƙa hannu ya matsa mishi damtse, ya matsa kahwaɗa, yadda suke taɓa saniya kahin su saya.

"Maigida," in ji Ahijo, "wane rani ne ya same ka kai kaɗai?"

"Lahiya ce ta ƙaru," in ji Abdu. "Kawo igiya."

Ahijo ya miƙa. Mai saye ya matso, wani Alasan daga Gaya. Abdu ya naɗe igiya a hannu, ya kama ƙaho zai murɗa kamar yadda ya saba. Bijimin ko hushi bai yi ba. Ƙuda ne ya dame shi, ya girgiza kai sau ɗaya. Sai ga ƙanena a ƙasa, hula gabas, takalmi yamma, bijimin na jan shi cikin kashin shanu sannu a hankali zuwa wajen wani ɗaurin harawa da ya hango.

Na saki matsamin awara na ruga. Wallahi na yi niyyar yi mishi dariya har shekara, amma da na ga shina ƙoƙarin tashi ya kasa, sai hawaye suka zo mini.

Bukari, wani matashin dillali da ya daɗe shina zagaya Ahijo, ya taka igiyar da ƙahwa ɗaya, bijimi ya tsaya. Kowa na kallon Ahijo.

Ahijo mutum ne mai kunya, bai yi dariya ba. Shi ya ɗaga Abdu, ya kakkaɓe mishi riga, ya sa aka kawo kujera aka aje a inuwa. Ya zaunar da shi da hannu biyu.

"Ni ban bar ka ba, maigida," ya ce. "Gaisuwa tana nan, zumunci shina nan. Amma ka huta haka nan."

Ya juya ya ce ma Bukari ya ɗauki igiyar. Makiyayan da ke bayanshi suka bi da nasu ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya zo wucewa gaban kujerar sai ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu, Baba."

Ƙanena ne hwa, na girme shi nesa ba kusa ba, kuma ni ba a taɓa kawo mini kujera a kasuwar nan ba. Ya zauna shina amsa gaisuwa, har aka sayar da bijimin ba a tambaye shi komi ba.