Furanni Takwas na Octavian

Abin da Octavian ya rubuta a zauren hirar ma'aikata na intanet ba shi da tsawo. Ya ce ƙarancin mata a aikin rubuta manhaja ba wariya ba ce, halitta ce: kan namiji ya fi jituwa da lissafi. Ya liƙa zanen alƙaluma a ƙasa, ya tafi cin abinci. Kafin ya dawo, kamfanin nasu na birnin Cluj ya dare gida biyu.

Da wani ne ya rubuta, da an yi tsaki an wuce. Amma Octavian yana cikin kwamitin tantance masu neman aiki, kuma mata biyu ne za su zauna gabansa mako mai zuwa.

"Ra'ayinsa ne fa, jama'a," in ji Dorin, abokin teburinsa, yana taunar biredi. "Iyayenmu sun gama raɗa a kicin don tsoron hukuma. Mu ma komawa za mu yi?"

"Ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe," in ji Smaranda, wadda ta fi kowa daɗewa a sashen. "Amma wanda ya yanke hukunci tun daga gida, wa zai ba shi kujerar alƙali?"

Shugabar sashen, Madam Ruxandra, ta aika wa Octavian saƙo. Ta ce ya same ta ranar takwas ga Maris a Ɗaki na Sifili. Ɗakunan taron ofishin daga sifili aka fara musu lamba, kamar yadda kwamfuta ke ƙirga, kuma a na sifilin nan ake sallamar mutane.

Ranar ta zo daidai da Ranar Mata, lokacin da kowane namiji ke shigowa ofis da fure a hannu. Octavian ya ga dama ta samu. Ya tsaya a rumfar furanni ta bakin tasha, ya ce shi zai zaɓa da kansa. Guda bakwai yake so, domin a ƙasarsu ko yaro ya san adadin mara ake kai wa mai rai, kamar uku, biyar ko bakwai. Furanni masu adadin cika, kamar shida ko takwas, na makabarta ne. Ya ƙirga a hankali har bakwai, aka naɗe masa.

Bangon Ɗaki na Sifili gilashi ne. Rabin ofis ya ƙirƙiro aiki a kusa da ƙofa. Octavian ya miƙa wa Madam Ruxandra furannin da hannu biyu.

"Barka da Ranar Mata, ranki ya daɗe."

Madam Ruxandra ta karɓa, ta duba, ta sake dubawa.

"Octavian, yaushe na rasu?"

"Na'am?"

"Takwas ne."

"Bakwai ne, Madam. Ni na ƙirga."

Ta tura ƙofar ta buɗe sosai. "To ƙirga mana mu ji."

Ya ɗora yatsa kan fure na farko, ya gyara murya.

"Sifili..."

Bai kai ga ɗaya ba. Dorin ya zame daga jikin bango ya zauna a ƙasa riƙe da ciki. Wata ta fesar da kofi a kan rigarta. Smaranda tana son yin magana, dariya ta hana ta, sai nuna shi take da yatsa tana bubbuga tebur. Octavian ya tsaya da yatsa kan furen, yana tunanin kwalin da zai zuba kayansa.

Madam Ruxandra ta jira hayaniyar ta lafa.

"Aikinka yana nan," ta ce. "Bakinka ma naka ne, ka rubuta abin da ka ga dama, su kuma su ba ka amsa. Biyo ni."

Ta nufi ɗakin tantancewa, jama'a na biye da ita a jere, Dorin yana rera waƙar jana'iza cikin hanci. Ta tsaya gaban kujerar da Octavian ke zama a kwamiti, ta kwantar da furannin takwas a kanta.

"Tunda an riga an saya, kada su lalace. Wannan kujerar ce ta rasu. Smaranda, ke za ki maye gurbinsa a kwamiti, a kawo miki sabuwa."

Octavian ya dubi kujerar. Ya ƙaunace ta, gaskiya. Amma kalmar "yana nan" ta riga ta hau masa kai kamar giya, sai ga shi yana ƙyalƙyala dariya fiye da kowa, har da hawaye.

"Duk da haka," ya ce yana share ido, "kuskure ɗaya ba hujja ba ne a ilimin ƙididdiga."

"Wa ya ce ɗaya?" in ji Smaranda. "Na sifili ke nan, Farfesa. Muna jiran na ɗaya."