Uban Fim da Uban Littafi

Mai Sharhi ya daɗe yana gaya wa jama'a abin da ke cikin littattafan da bai karanta ba, kuma har yau babu wanda aka kwantar a asibiti saboda haka. Shirinsa na rediyo yana zuwa ranar Asabar da hantsi, tsakanin farashin kayan masarufi da tallar maganin basir. Yana da tsarin aiki da ba ya saɓawa. Zai karanta babin farko, ya tsallake zuwa na ƙarshe, ya duba abin da aka rubuta a bayan littafin. Idan kuwa Allah ya taimake shi an mayar da littafin fim, sai ya je ya kalli fim ɗin ya hutar da idonsa. Sauran aikin na murya ne. Yakan ce marubuci ya yi zurfi, yakan ce labarin ya taɓa zuciya, ya rufe da cewa sai dai ƙarshen ya zo da ɗan gaggawa. Ya lura wannan magana ta ƙarshe ta dace da kowane littafi da aka taɓa bugawa a duniya.

Sai yayarsa ta rubuta littafi.

Yaya tana aiki ne a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma a lokacin hutun cin abinci ta riƙa rubutawa, har ya zama littafi mai kauri da shuɗin bango. Babu wanda ya zaci zai yi kasuwa. Sai ga shi a hannun 'yan makaranta, a jakunkunan matan ofis, a kan teburin masu kemis. Kafin a ankara wani kamfani ya saye shi ya yi fim. Kwafin da ta ba ƙaninta tun ranar farko yana saman firij ɗin gidansa, cikin ledarsa, ƙarƙashin kwandon magunguna. Duk sanda ta tambaye shi, amsarsa ɗaya ce.

"Ina ciki, Yaya. A hankali nake bin sa, ba na so ya ƙare."

Da fim ɗin ya fito ya je ya kalla. Labarin wata yarinya ce, ubanta mai gyaran keken ɗinki, kamar dai nasu uban da ya rasu. Amma uban fim ƙato ne mai jajayen idanu, ba ya magana sai da tsawa. A tsakiyar fim ɗin ya tara littattafan 'yarsa a cikin tsohon bokitin ƙarfe, ya zuba kananzir ya cinna wuta, ita kuwa tana kuka a jikin ƙofa, kiɗa yana ta kumbura. Matar da ke kusa da Mai Sharhi ta ce Allah ya isa. Shi kuma ya ɗan ji wani iri, don Babansu mutum ne da ko akuya ce ta shigo shago sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Amma ya ce a ransa marubuta suna ganin abin da sauran mutane ba sa gani, kuma Yaya ta girme shi da yawa, wa ya san abin da aka yi kafin ya yi wayo.

Ranar Asabar ya zauna gaban makirufo ya zuba. Ya yaba wa jaruntar marubuciya da ta fito da muguntar uba fili. Ya kwatanta bokitin da wutar. Ya ce ƙarshen ya zo da ɗan gaggawa. Da ya ɗaga kai sai ya ga mai haɗa shiri ta bayan gilashi tana juya hannu, alamar akwai sauran lokaci, a ci gaba da magana. To, shi bai saba barin iska ta tafi a banza ba. Ya gyara murya ya ce:

"Masu sauraro, abin da ba kowa ya sani ba, marubuciyar nan yayata ce, ciki ɗaya. Saboda haka na san gidan da wannan labari ya fito."

Ya ji daɗin maganar sosai. Ta fita da nauyi.

Bai kai bakin mota ba wayarsa ta yi ƙara. Gwaggo ce, yayar Babansu, wadda ba ta kira sai an mutu ko ana shirin mutuwa.

"Ɗan nan, na ji ka. Allah ya yi maka albarka da ka tona ta. Ashe abin da yarinyar nan ta zauna ta yi wa ƙanena ke nan, yana kwance cikin kabarinsa? Mutumin da bai taɓa ƙona ko sauro ba?"

"Gwaggo, ai ƙagaggen labari ne…"

"Ƙagagge? Ba kai ka ce ka san gidan ba?"

Mama ba ta kira ba, wannan ne ya fi ba shi tsoro. Idanunta sun yi yana, ba ta iya karatu yanzu, ba ta kuma zuwa kallon fim. Abin da ta sani game da littafin 'yarta shi ne yana da shuɗin bango, kuma mutane suna tare ta a hanya suna yi mata murna. Ta ajiye nata kwafin a cikin kabad ɗin gilashi tare da farantan da ba a cin abinci da su. Rediyo kuwa ba ta taɓa ƙaryata shi ba, balle da muryar ɗanta a ciki. Daga ranar ta daina ɗaukar wayar Yaya. Da Yaya ta je gidan, ta ƙwanƙwasa har ta gaji, tana jin rediyon yana magana a ciki.

Yaya ta same shi a gida da yamma, da rigar aiki a jikinta. Ta gaisa da matarsa, ta ƙi zama, ta tsaya ta jingina da firij. Mai Sharhi ya yi iya ƙoƙarinsa kada idonsa ya hau sama.

"Na ji shirinka," ta ce. "Ya yi daɗi. A wane shafi ne aka ƙona littattafan?"

"Wajen tsakiya."

"Tsakiya."

"Tsakiya-tsakiya. Ko ɗan gaba."

Ta kalle shi irin kallon da take yi wa kwalbar jini idan ta riga ta san sakamakon. Matarsa, da ta shigo da ruwa, ta ajiye kofin a hankali ta koma kicin ta bar ƙofar a buɗe.

"Da suka ce za su sa wutar nan na hana," in ji Yaya. "Darakta ya ce mini babu mai sayen tikiti don ya kalli mutumin kirki yana zuba wa keke mai. Na riga na sa hannu, suka yi abinsu. Na ce ba komai, Mama ba ta kallon fim. Ban yi lissafi da kai ba."

"Sai ki yi mata bayani mana."

"Ta ina? Ta ƙasan ƙofa? Kuma ko ta buɗe, mai laifi ce ke wanke kanta. Kai ne rediyo." Ta ɗauki jakarta. "Ban zo in ce ka yi komai ba. Na zo ne in ga fuskarka."

Da ta fita, matarsa ta leƙo.

"Baban yara, in sauko maka da shi, ko a bar shi ya ƙara nuna?"

Kwana biyun da suka biyo baya ya yi su yana ƙoƙarin haɗa gyaran da zai karanta a shiri mai zuwa, irin gyaran da ba zai nuna an yi kuskure ba. Ya rubuta cewa akwai bambancin fahimta tsakanin littafi da fim. Ya rubuta cewa wutar alama ce, ba wuta ba ce. Ya karanta wa matarsa, ta ce ita ma da ta san gaskiyar maganar ba ta gane me yake nufi ba, balle Mama. A wurin aiki kuma mai haɗa shiri sai yabonsa take yi, wai ba a taɓa samun saƙonni irin na wannan mako ba, mutane suna ta ba da labarin mugayen iyayensu. Ya yi murmushi ya ce aiki ne.

A ƙarshe ya sauko da littafin. A cikin mota, a ƙofar gidan Mama, ya yage ledar ya cusa ta ƙarƙashin kujera, ya ɗan lanƙwasa bangon, ya murza gefen shafukan da babban yatsa don su yi kama da waɗanda suka sha hannu.

Mama tana falo, kusa da taga, rediyo a kan cinyarta. A kusurwa akwai keken ɗinkin da wani ya kawo gyara bai dawo ya karɓa ba har Baba ya rasu, an rufe shi da tsohon labule. A cikin kabad, tsakanin farantai, akwai gurbi. Suka gaisa, ta tambayi yara, sannan ta ga shuɗin abu a hannunsa.

"In shi ne, mayar da shi mota."

"Kaɗan zan karanta miki, Mama."

"Ai na ji. Kai ka faɗa mini, duniya na saurare."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan makaranta, ya buɗe. Babin farko ya tafi lafiya, wannan kam ya san shi daga fim. Mama ta juya fuskarta ga taga, amma ta rage muryar rediyo. A babi na biyu aka shiga shago: ƙamshin man keke, gwangwanin kusoshi, uban yana sauraron keke da kunne kamar likita yana sauraron ƙirji. Littattafan yarinyar na gwanjo ne, duk sun zazzage. Idan uban ya gama gyaran keken wani, maimakon ya gwada shi a kan tsumma, sai ya ce ta kawo littafi ɗaya, ya jera shafukan, ya ɗinke gindinsu da baƙin zare. In ɗinkin ya fita daidai, keke ya gyaru, littafi ma ya gyaru.

Mai Sharhi ya tsaya. Ya tuna littafin lissafinsa na aji uku, da layin zare a gefensa, da yadda yake jin kunyar buɗe shi a gaban 'yan aji.

"Ja ne," in ji Mama, ba ta juyo ba.

"Na'am?"

"Zaren. Ja yake sawa, don ya ga inda keke ya tsallake. Ci gaba. Ina wutar?"

"Tana gaba."

Ya ci gaba. Uban ya yi rigima da wani tela da ya ƙi yarda kekensa ya mutu, rigimar da duk tsawonta uban bai ce komai ba sai "to" da "haka ne", har telan ya gaji ya ba shi haƙuri. Dariya ta kuɓuce wa Mai Sharhi, ta gaske, har ya rasa layin da yake. Da ya ɗago, Mama ta juyo gaba ɗaya tana kallon inda muryarsa take.

"Auta."

"Na'am, Mama."

"Wannan dariyar ta wanda ya ji abu yau ce."

Ya duba shafin, ko akwai wata mafita a ciki. Babu.

"Fim na kalla," ya ce.

"Littafin fa?"

"Yanzu nake karantawa."

"Babu wuta a ciki?"

"Yaya ta ce babu. Masu fim ne suka sa."

Ta kashe rediyon. Ya jira faɗa, har ya shirya wuyansa. Amma da ta yi magana, muryarta a kwance take, kamar mai tambayar farashi.

"Rashin karatun ban damu da shi ba. Tun kana yaro bangon littafi kake sani. Abin da nake so in gane shi ne wannan. Ka shiga ɗaki mai duhu, ka zauna cikin baƙi, aka nuna maka wani ƙato yana ƙona littattafan 'yarsa. Sai ka ce, ai Babana ne."

"Na ɗauka ko kafin in yi wayo ne…"

"Ka zauna da mutumin nan har ka yi gemu."

A rediyo idan shiru ya yi tsawo akan sa kiɗa; a nan babu mai sawa.

Can ta ce, "Ni ma na zauna da yarinyar nan tun tana cikina, na kuma yarda." Ta lalubo wayarta a ƙarƙashin filo ta miƙa masa. "Nemo mini ita. Ranar Asabar kuma ka faɗa a inda ka faɗi wancan, da irin Hausar da Gwaggonka za ta gane. Ban da zurfi."

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Mama ta kara ta a kunne, ta gyara zama. Babu sallama mai tsawo, babu ban haƙuri.

"Ke ce? To, zaren ja ne. Kin rubuta baƙi."

Ya ji muryar Yaya daga nesa, siririya, ta ce wani abu da sauri. Mama ta ce a'a, ja ne, ita ke sayo masa. Suka shiga gardamar ko shagon yana da taga ɗaya ko biyu, daga nan suka koma kan telan, wanda ashe yana nan da rai, ya kurumce. Mai Sharhi yana zaune a ƙasa da yatsa a cikin shafi, ƙafarsa ta fara sanyi. Sai Mama ta ɗan janye wayar daga kunne.

"Ta ce in tambaye ka ko ka iso wurin ƙanin yarinyar."

"Akwai ƙani?"

"A fim ɗin babu?"

"Babu. Sun cire shi."

"Sun rufa masa asiri," in ji Mama. Ta danna wayar yadda Yaya za ta ji, ta ajiye ta a hannun kujera. "Karanta."